Sharhi: Yadda zafi da laima ke rage kwanan kayan lantarki a gidajen Najeriya

A watan Fabrairun 2024, Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, ta gargaɗi jama'a cewa zafi ya kai digiri 41 a ma'aunin Salshiyas a wasu sassan Arewa da digiri 39 a Kudu, kuma zai ɗauki kwanaki bai sassauta ba. Wata guda bayan haka, ƙungiyar masana yanayi ta World Weather Attribution ta fitar da sakamakon nazarinta a kan wannan zafi, inda ta ce idan aka haɗa shi da laimar da ke cikin iska, abin da jikin ɗan Adam ya ji a kudancin Afirka ta Yamma ya kai kimanin digiri 50, kuma sauyin yanayi ne ya ƙara masa kusan digiri 4.

Hankalin hukumomi da kafafen yaɗa labarai ya karkata ga lafiyar jama'a, kuma haka ya kamata. Sai dai akwai wata asarar da irin wannan yanayi ke jawowa wadda ba ta shiga kanun labarai, domin a ɗakin girki da falo da bayan shago take aukuwa. Ita ce asarar firjin da ya daina sanyi, da na'urar sanyaya ɗaki mai tsiyayar da ruwa a bango, da talabijin ɗin da ya mutu a daren da aka yi tsawa, da batirin sola da ya gaji tun lokacinsa bai yi ba.

A da, magidanci mai ɗan hali kan ɗauki wannan a matsayin ƙaramar matsala: a kira mai gyara, in abin ya gagara a sayi wani. Yanzu lissafin ya sauya. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da barin naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin shekarar, dalar da ake canjawa a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Galibin kayan lantarkin gida daga waje ake shigo da su, waɗanda ake harhaɗawa a nan ma da kayan waje ake haɗa su. Tsawon kwanan firji ya zama batun tattalin arzikin iyali. Ga matar da ke sayar da ƙanƙara ko zoɓo ko kunun aya, da mai sayar da kifi ko nama, batun jari ne ɗungurungum.

Ƙasa ɗaya, yanayi iri-iri

A garuruwan gaɓar teku kamar Legas da Warri da Fatakwal da Kalaba, laimar iska kan haura kashi 80 cikin 100 a mafi yawan kwanakin damina. Ruwan saman da ke sauka a Fatakwal a shekara ya wuce milimita 2,000, na Kalaba kuwa yana kusantar 3,000. Iskar da ke tasowa daga teku tana ɗauke da gishiri, shi kuwa gishiri abokin tafiyar tsatsa ne. Mazauna Fatakwal suna da ƙarin nasu nauyin, wato baƙar tokar da ta addabi birnin tun ƙarshen 2016, wadda aka fi dangantawa da tace ɗanyen mai ba bisa ƙa'ida ba, kuma take shiga duk wata kafa ta na'ura.

A Arewa mai nisa lamarin ya bambanta. Ruwan shekara a Sakkwato bai cika kaiwa milimita 800 ba, kuma a tsakiyar hunturu laimar iska kan faɗo ƙasa da kashi 20. Amma wannan bai kuɓutar da kayan lantarkin yankin ba, domin bugu uku suke sha a jere. Hunturu ya cika su da ƙura, bazara ta gasa su da zafin da ke wuce digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, sannan damina ta zo da danshi a Yuli da Agusta. Ƙurar da ta kwanta a cikin na'ura tun hunturu ita ce ke shan wannan danshi ta zama laka, laka kuwa tana ɗaukar wuta tsakanin wayoyin da bai kamata su haɗu ba. Garuruwan tsakiya kamar Lakwaja da Makurdi da Abuja suna ɗanɗana kaɗan daga kowane ɓangare.

Hausawan da ke neman abinci a Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Legas, ko a Sabo ta Ibadan, sun san wannan bambanci daga randa. Randar da ke sanyaya ruwa ƙarara a Katsina ba ta yin rabin wannan aikin a Legas, saboda sanyin nata daga tsotsewar ruwan da ke tsattsafowa a jikinta yake zuwa, iskar da ta riga ta ƙoshi da laima kuwa ba ta da wurin ɗaukar ƙari. A kan wannan hikima ce marigayi Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan gwari, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Haka kuma na'urar nan mai hura iska ta cikin ruwa, wadda ke kawo sauƙi a bazarar Maiduguri, idan aka kunna ta a rufaffen ɗaki a Fatakwal laima kawai take ƙarawa. Abin da ya dace da wani gari yana iya zama asarar kuɗi a wani.

Harafin da mai saye ba ya dubawa

Aikin firji shi ne kwashe zafin da ke cikinsa ya zubar a waje, ta bututun da ke bayansa ko a cikin bangonsa na gefe. Injin da ke tura iskar gas ta cikin wannan bututu, wanda masu gyara ke kira kwamfiresa, yana aiki ya huta, ya sake tashi. Gwargwadon zafin ɗakin da firji yake ciki, gwargwadon wahalar zubar da zafin, har ta kai kwamfiresa ta yi ta juyawa babu hutu, ta ƙara jan wuta, ta kuma tsufa da wuri.

Saboda haka masana'antu suke rarraba firji zuwa aji huɗu bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa, kuma suna rubuta ajin a jikin takardar da ke liƙe a bayan firjin ko a cikinsa. Mai harafin SN an yi shi ne don ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 10 zuwa 32. Mai harafin N, digiri 16 zuwa 32. Mai ST yana jure har digiri 38, mai T kuwa har digiri 43. Shagon kwano a Kano cikin watan Afrilu, ko ɗakin girki maras taga a Mushin da tsakar rana, ya wuce digiri 32 nesa ba kusa ba. Firjin da ya dace da mafi yawan gidajen ƙasar nan shi ne mai T, ko aƙalla mai ST.

A nan ne batun kayan gwanjo, waɗanda aka fi sani da tokumbo, ya shigo. Da yawa daga cikin tsofaffin firjin da ke zuwa daga Turai an ƙera su ne don gidajen ƙasashe masu sanyi, kuma sun riga sun ci wani kaso na rayuwarsu kafin su iso. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar tare da cibiyar kula da Yarjejeniyar Basel ta Afirka da ke Ibadan, a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016, ya gano cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa ƙasar nan a shekara, kashi 77 cikin 100 daga tashoshin Tarayyar Turai, kuma sama da tan 15,000 daga ciki matattu ne tun kafin a sauke su. Mafi yawa a cikin tsofaffin motocin da ake shigowa da su ake cusa su.

Abin lura shi ne tsofaffin firji da na'urorin sanyaya ɗaki da kwamfiresa suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, amma ga su nan jibge a kasuwar Alaba da sauran kasuwannin ƙasar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kuɗin sabo ya fi ƙarfin mutane da yawa, wasu kuma sun yi imani tsohon na Turai ya fi sabon na yanzu ƙarko. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan ta fuskar kaurin ƙarfe, amma ƙarfe mai kauri ba ya sauya ajin da aka ƙera injin a kai. Ƙasar Ghana ta fara aiwatar da haramcin shigo da tsofaffin firji a 2013, ta kuma haɗa shi da shirin rangwame ga wanda ya kawo tsoho ya karɓi sabo mai tsimin wuta. Haramcin da ba a haɗa shi da irin wannan sassauci ba, fasa-ƙwauri kawai yake haifarwa.

Ɓarnar da laima ke yi a ɓoye

Zafi kowa yana jin sa, ɓarnar laima kuwa sai ta yi nisa ake gani. Duk lokacin da aka buɗe ƙofar firji, iska mai danshi tana kutsawa ciki, ruwan da ke cikinta ya daskare a bango. Wannan ƙanƙara da wasu ke ɗauka alamar ƙarfin firji ce, bargo ce da ke hana sanyi isa ga abinci, sai injin ya ƙara wahala. Idan robar bakin ƙofa ta saki ko ta tsage, iskar ba ta jiran a buɗe. Gwajin robar mai sauƙi ne: a maƙale takarda a rufe ƙofar a kanta, idan ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta gaji. Mutane da yawa kuma suna kashe firjinsu da hannunsu wajen ɓamɓare ƙanƙara da wuƙa, domin bututun gas ɗin yana kwance ne dab da wannan bango, huda ɗaya ta isa.

A waje kuma tsatsa ce ke aiki. Ƙarfe yana saurin ci idan laima ta yi yawa, gishirin teku kuma yana ninka saurin. Ƙasan firji da firiza, da ƙafafun injin wanki, da sashen na'urar sanyaya ɗaki da ke rataye a waje, su ne kan fara nunawa. Idan tsatsa ta huda bututu sai gas ya tsiyaye a hankali. Tukunyar gas ɗin girki ma tana cikin wannan haɗari, musamman wadda ake ajiyewa a jiƙaƙƙen siminti, domin daga gindi take ruɓewa inda ido ba ya kaiwa. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta sha nanata cewa wa'adin tukunyar gas shekara 15 ne, amma wadda tsatsa ta ci gindinta ba ta jiran cikar wa'adi.

Kayan zamani sun fi na da rauni ta wannan fuska, saboda kusan kowannensu yana da allon ƙananan wayoyi da ke sarrafa shi, wanda masu gyara ke kira fanel. Raɓar da ke kwanciya a kan wannan allo tana cin dalmar da ta haɗa wayoyin. Zafi kuma yana busar da ƙananan ma'ajiyan wuta da ake kira kafasita. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin kwanan irin wannan kafasita. Shi ya sa fanka kan fara juyawa a kasale, talabijin ɗin da aka cusa a cikin rufaffen kabad kuma yakan riga na sarari mutuwa. Ɗumi da duhun cikin na'ura suna kiran kyankyasai da tururuwa da tsaka, ɓeraye kuma su ci rigar waya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsaka guda da ta gitta kan fanel ta isa ta ƙona shi.

Na'urar sanyaya ɗaki aiki biyu take yi a lokaci guda: rage zafi da tatse ruwan da ke cikin iska. A garuruwan Kudu wannan aiki na biyu yana cin babban kaso na ƙarfinta, kuma lita-lita na ruwa ke bi ta siririn bututun da ke fitar da shi waje. Idan ƙura da gansakuka suka toshe bututun, ruwan sai ya dawo ta bango. Jiƙaƙƙen cikin na'urar kuma gona ce ga fumfuna, wadda ake hurowa cikin ɗaki tare da sanyin, abin da ke tayar da asma da atishawa, musamman ga yara. Akwai kuma kuskuren sayen na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki da tunanin babba ta fi. Irin wannan tana sanyaya ɗakin da sauri ta tsaya tun ba ta tatse laimar ba, a zauna cikin sanyi mai danƙo. Injin wanki ma haka yake: idan aka rufe ƙofarsa da zarar an gama wanki, fumfuna ce ke kama robarsa, tufafi su fito da wari.

Ga zafi, ga wuta mai zuwa da ɗaukewa

Da a ce wutar lantarki tana tsaye a kan ma'auninta na bolt 230, da ɓarnar yanayi ta zo da sauƙi. Amma lokacin da zafi ya fi tsanani shi ne lokacin da kowa ke kunna fanka da na'urar sanyi, taransifoma ta yi nauyi, wuta ta yi ƙasa. Idan ƙarfin wuta ya ragu, kwamfiresa takan kasa tashi, ta yi ta gurnani tana jan wuta fiye da kima har wayoyin cikinta su ƙone. Idan kuma aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, injin yana ƙoƙarin tashi ne alhali matsin gas ɗin cikinsa bai daidaita ba. Shi ya sa ake son a jira kimanin minti biyar kafin a sake kunna firji, ko a sa masa na'urar kariya mai jinkirta shigar wuta.

Babban layin wutar lantarki na ƙasa ya durƙushe sau da dama a cikin 2024. A ƙarshen watan Oktoban shekarar, yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu. A irin wannan hali asarar ta wuce ta na'ura. Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi na kimanin sa'a huɗu ne kawai, firizar da ke cike maƙil kuwa kimanin kwana biyu, kuma zafin ɗaki yana rage wannan wa'adi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ajiye abinci mai saurin lalacewa a ƙasa da digiri 5. Allurar insulin ta masu ciwon suga, da yawancin alluran rigakafi, tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake adana su. Firjin da ya raunana a gidan mai ciwon suga ko a ƙaramin asibitin karkara batu ne na rai.

Damina tana zuwa da nata haɗurran. Tsawa tana bin wayar lantarki da wayar kwanon tauraron ɗan Adam ta shiga talabijin da dikoda, kuma kashe makunni ba ya tare ta, sai an zare filogi da wayar kwanon gaba ɗaya. Danshi yana sa jikin firji ko injin wanki ya riƙa fisgar wanda ya taɓa shi, musamman a gidajen da ba a binne wayar ƙasa ba, ko aka karya ƙafa ta uku ta filogi don ya shiga soket. Mafi muni shi ne shigar da janareta cikin gida ko baranda a rufe don gudun ruwa ko ɓarayi. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba maras wari maras launi, wadda ta sha hallaka iyalai cikin barci a sassan ƙasar nan. Inda kuma ambaliya ta shiga gida, kamar yadda aka gani a Maiduguri bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumban 2024, na'urar da ta nutse ba a jona ta da wuta sai ƙwararre ya buɗe, ya wanke lakar, ta bushe sarai.

Waɗanda suka koma ga hasken rana ma ba su tsira ba. An auna ƙarfin allon sola ne a digiri 25, kuma yana rasa kimanin kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙarin digiri ɗaya, ƙurar hunturu kuma ta ƙara dusashe shi. Batirin dalma, wanda har yanzu gidaje da yawa ke amfani da shi da inbata, yana rasa kusan rabin kwanansa a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25. Batirin da aka ajiye a ƙarƙashin matakala ko a ɗan ɗakin da iska ba ta ratsawa, tun ranar da aka kafa shi ya fara gajarta.

Lissafin aljihu

A ranar 3 ga Afrilun 2024, Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla sa'a 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kowane yunit. An rage shi zuwa naira 206.80 a watan Mayu, sannan ya koma naira 209.50 a watan Yuli. A kan wannan farashi na ƙarshe, na'urar sanyaya ɗaki mai jan kilowat ɗaya, idan injinta ya yi aikin sa'a takwas kullum, za ta ci yunit 240 a wata, wato sama da naira 50,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne.

Ke nan duk abin da ke ƙara wa injin sa'o'in aiki, ko matacin iska da ya toshe, ko sashen waje da rana ke duka, ko tagar da ba ta rufuwa, daga aljihun mai gida yake fita kai tsaye. Indiya, wadda ke fama da zafi da laima irin namu, ta wajabta wa masana'antu daga Janairun 2020 su riƙa saita sabbin na'urorin sanyaya ɗaki a kan digiri 24, inda hukumar tsimin makamashinta ta ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri ɗaya a saitin yana rage kimanin kashi 6 cikin 100 na wutar da ake sha. Ɗabi'ar murɗa na'ura zuwa digiri 16 ba ta sa ɗaki saurin yin sanyi, hutun injin kawai take hanawa. Digiri 24 zuwa 26 tare da fanka ya wadatar da yawancin mutane.

Batun masu gyara da iskar gas

Kalmar da magidanci ya fi ji daga bakin mai gyara ita ce, gas ya ƙare. Amma firji da na'urar sanyaya ɗaki ba sa ƙona gas ɗinsu kamar murhu, a rufaffen bututu yake zagayawa. Idan ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma ƙara gas ba tare da gano hudar an liƙe ta ba zuba ruwa ne a kwando. Gas ɗin ma iri-iri ne, kuma an rubuta na kowace na'ura a jikinta. Firjin zamani da yawa suna amfani da R600a, wanda ke kama wuta, don haka walda a kansa ba tare da an kwashe shi ba haɗari ne. Wasu suna amfani da R134a. Zuba wani a madadin wani yana lalata kwamfiresa.

Wannan ya haɗu da alkawuran da Najeriya ta ɗauka a duniya. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987, ƙasashe masu tasowa sun daina amfani da R12 a 2010, kuma ana janye R22 na tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki a hankali zuwa 2030. Najeriya ta kuma amince da gyaran Kigali na 2016, wanda zai rage amfani da irin su R134a. Wanda ya sayi tsohuwar na'ura mai R22 a yau ya sayi abin da gas ɗinsa zai ƙara tsada da wuyar samu. Masu gyara kuwa, waɗanda mafi yawansu a hannun ubangida suka koyi sana'ar, suna buƙatar sabon horo da kayan aiki don su iya mu'amala da gas mai kama wuta da na'urori masu fanel.

Inda alhaki ya rataya

Hukumar Makamashi ta Duniya ta yi hasashe a rahotonta na 2018 cewa yawan na'urorin sanyaya ɗaki a duniya zai tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da 2050, kuma ƙasashe masu zafi da yawan jama'a irin Najeriya ne za su sayi kaso mai tsoka. Abin da aka bari ya shigo kasuwa a yau shi ne zai zauna a gidaje shekara goma ko fiye, yana jan wutar da ba ta wadata ba.

SON tana da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su da lakabin tsimin makamashi a jikin na'urori. Abin da ya rage shi ne a tsaurara dubawa a tashoshi da kasuwanni, a kuma sa ajin yanayin firji ya fito fili a gaban kaya, da harshen da mai saye zai gane. Hukumar NESREA mai kula da ƙa'idojin muhalli tana da dokokin sharar kayan lantarki tun 2011, waɗanda ke buƙatar aiwatarwa ta yadda mataccen firji ba zai ƙare a hannun 'yan bola jari ana fasa shi gas yana fita iska ba. Hukumar NEMSA, mai duba ingancin aikin wayoyi, tana da rawar takawa a kan gidajen da ake ginawa babu wayar ƙasa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa Hukumar FCCPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da suka gaza cika ingancin da ya kamata, kuma rubutun nan na ba a mayar da kaya da ake bugawa a rasit bai soke wannan haƙƙi ba. Sai dai haƙƙin yana buƙatar shaida, don haka adana rasit da takardar garanti wajibi ne.

Kaso mafi girma na aikin kuwa yana cikin gida, kuma mafi yawansa ba ya cin kuɗi. Firji yana son a bar masa tazarar aƙalla tafin hannu daga bango, nesa da murhu da hasken rana, a ɗora shi a kan katako ko dandamali idan ƙasan na da danshi. A share ƙurar bayansa a ƙarshen hunturu kafin bazara ta kama. A bar abinci ya huce kafin a saka, a rufe duk abin da ke da ruwa, a narkar da ƙanƙara ta hanyar kashe firjin. A wanke matacin na'urar sanyaya ɗaki duk mako biyu zuwa wata guda, a duba bututun ruwanta kafin damina, a yi wa sashen waje inuwar da ba ta tare iska. Mazauna bakin teku su riƙa ɗauraye wannan sashe da ruwan daɗi bayan an kashe wuta. A bar ƙofar injin wanki a buɗe ya sha iska, a kuma ajiye batir a wuri mafi sanyi a gidan.

NiMet tana fitar da hasashen yanayin shekara a farkon kowace shekara, kuma manoma da matuƙa jiragen sama sun saba da jiran sa. Ya dace magidanta da masu ƙananan sana'o'in da suka dogara da sanyi su ma su riƙa karanta shi da idon mai lissafi, domin watannin da aka yi hasashen tsananin zafi su ne watannin da injinan gida za su fi shan wahala, kuma gyaran da aka yi a watan Janairu ya fi araha a kan kwamfiresar da za a saya a watan Afrilu. Ga wanda kuma ke shirin shiga kasuwa, kafin ya tambayi farashi, ya fara juya firjin ya duba harafin da ke bayansa.